Madara tana murɗa mini ciki, sai na bar fura da nono ke nan?

Wata malamar lakwal daga unguwar Birni, a nan Damagaram, ta rubuto tana cewa: "Shekaruna 32, ina goyon ɗan wata biyar. Kullum da safe nakan sha shayi da madarar gari cokali huɗu kafin in fita. Kafin ƙarfe tara cikina ya kama kugi, ya kumbura, wani lokaci sai na roƙi abokiyar aikina ta tsaya mini a aji in zagaya. Yanzu ne abin ya tsananta, tun da na haihu. Fura da nono da rana ba ta cika damuna ba. Yawur na leda kuwa wata rana lafiya, wata rana akasin haka. Wata ta ce jikina ne ba ya son madara, in bar duk abin da ya fito daga saniya, har man shanu. Uwar mijina kuma ta ce mai goyo ba ta barin fura da nono. Wa zan bi? Kuma yaron zai iya ɗauka ta nonona?"

Malama, sannu da ɗawainiya, Allah ya raya mana yaron, ya ba ki ladan ƴaƴan jama'a da kike koyarwa. A wannan magana surukarki ce ta fi kusa da gaskiya. Ba sai kin bar fura da nono ba, man shanu kuwa ba shi da hannu a cikin abin da ke damunki. Abin da kika kwatanta ya yi kama ƙwarai da rashin narkar da sukarin madara, kuma a shekarun da na yi ina ba da shawara kan abinci a wannan jiha tamu, kusan duk wanda ya zo mini da irin kukanki mun rabu yana ci gaba da shan nononsa. Abin da muke gyarawa uku ne: irin madarar, yawanta, da lokacin shanta.

Bari in fara da abin da ke faruwa a cikinki tsakanin fitowarki daga gida da ƙarfe tara. A cikin kowace madara akwai wani sukari na halitta, daban da wanda muke zubawa a shayi, a likitance sunansa laktoz. Sukari biyu ne a manne da juna, kuma hanji ba ya iya tsotse su sai an raba su. Mai raba su wani sinadari ne da bangon ƙaramin hanji yake yi, ana ce masa laktaz. Ki ɗauke shi kamar almakashi. Jariri yana zuwa duniya da almakashin nan birjik, don nonon uwa ya ma fi na saniya wannan sukari: kusan giram 7 a kowane mililita 100, na saniya kuwa bai cika wuce 5 ba. Bayan yaye sai jiki ya riƙa rage yin sa sannu a hankali, har mutum ya girma da ɗan abin da ya rage. Haka kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya suke. Saboda haka ki cire wa ranki cewa wata cuta ce ta kama ki. Halitta ce, kuma masu irinta sun fi yawa.

To idan sukarin da ya shigo ya fi ƙarfin almakashin da ke akwai, ragowar sai ta wuce babban hanji ba a raba ta ba. A can abu biyu take yi. Tana jawo ruwa zuwa cikin hanji, shi ne zawon. Sannan ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a wurin su far mata da ci, su fitar da iska, shi ne kumburin da kugin da murɗawar. Yawanci abin yana tasowa daga minti 30 zuwa awa biyu bayan sha, kin ga ya yi daidai da lokacin da kike gaban allo. Akwai wahala, akwai kunya, musamman ga mai tsayuwa gaban yara. Amma ba ya cin hanji, ba ya barin miki, ba ya rikiɗewa ya zama wani ciwo. Da sukarin ya fita, magana ta ƙare. Wannan ne ya sa ake iya gwaji da shi a gida ba tare da fargaba ba.

Kina iya cewa, to Fulani da Buzaye da ke kwankwaɗar madara da ɗuminta daga tatsa fa? Su gado suka yi. Al'ummar da ta daɗe tana rayuwa a kan kiwo, akwai wani canji a ƙwayoyin gadonta da ke sa jiki ya ci gaba da yin laktaz har tsufa. A 1971 wani likita Ba'amurke, Norman Kretchmer, da abokan aikinsa sun auna ƙabilu a Najeriya: mafi yawan Fulani makiyaya suna narkar da sukarin, Yarbawa kusan duka ba sa yi, Hausawa ma akasarinsu ba sa yi. A 1986 an buga wani binciken da aka yi a kan Buzaye a nan Nijar, shi ma ya nuna mafi rinjayensu suna narkar da shi. A gari irin namu, inda Bahaushe da Babarbare da Bafulatani da Buzu suka daɗe suna auratayya, sai ki ga ƴan ɗaki ɗaya, wannan ya shanye kwanon madara ko gezau, ƙaninsa ya sha rabi ya kwana yana zirga-zirga.

Yanzu ki lura da wani abu da nake so ya zauna miki, don shi ne ginshiƙin amsar. Bafulatana tana shan ɗanyar madara a ruga, amma abin da take ɗorawa a ka ta kawo gari nono ne mai tsami, ko kindirmo. Kaka da kakanni Bahaushe abin da ya sani ke nan: nono ya kwana ya yi tsami, a dama shi da fura, a sha da ludayi. Sun yi haka ne don zafin ƙasarmu ba ya barin madara ta yini, amma a cikin hakan sun dace da abin da ya fi karɓar cikinsu. Baƙon abu a cimarmu shi ne madarar gari da ta gwangwani a cikin shayi, da sassafe, ciki wayam. Cikinki da kansa ya ba ki amsar tun kafin ki tambaye ni, tunda kin ce fura ba ta damunki, shayi ne ke yi.

Me ya sa nono mai tsami ya fi sauƙi? Tsamin nan da kike ji, sukarin madara ne ƙwayoyin da ke kaɗa nono suka ci suka mayar da shi tsami. A yawur da aka auna, sukan cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu, wani lokaci har kusan kashi ɗaya cikin uku. Wannan ragi ne mai kyau, amma babban sirrin yana gaba: ƙwayoyin nan suna ɗauke da nasu laktaz a jikinsu, kuma idan kika sha su da rai, suna shiga hanji su ci gaba da saran sukarin a madadinki. Kamar kin yi baƙo ne ya zo da guzurinsa har ya taya ki aiki. Ga shi kuma nono mai kauri ba ya saurin barin ciki kamar ruwan shayi, yana sauka hanji kaɗan-kaɗan, ɗan laktaz ɗin da kike da shi ya samu sararin yin aikinsa. Idan aka haɗa da fura, geron ya ƙara rage masa gudu. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta tabbatar tun 2010 cewa yawur mai ƙwayoyi masu rai yana taimaka wa masu irin wannan matsala.

Sharaɗin shi ne su kasance da rai. Idan aka tafasa nono bayan ya yi tsami, ko aka sheƙa masa tafasasshen koko, ƙwayoyin sun mutu, laktaz ɗinsu ya lalace. Don haka idan za ki zuba nono a koko ko kunu, ki bari ya huce har yadda za ki iya kurɓa.

Sai mu zo ga lissafi, don a nan ne mutane suke ruɗewa. Kofi ɗaya na madarar saniya, mililita 250, yana ɗauke da kusan giram 12 na wannan sukari. Taron masana da cibiyoyin binciken lafiya na Amurka suka kira a 2010 ya duba binciken da aka tara, ya ce mafi yawan masu ƙarancin laktaz suna iya shan giram 12 a zama ɗaya ba tare da wata damuwa ta a-zo-a-gani ba, musamman idan da abinci aka haɗa, kuma suna iya fin haka idan aka rarraba a cikin yini. Wasu iyakarsu ba ta kai nan ba, tana tsayawa a rabin kofi. Kowa da ma'auninsa. Amma samun wanda ko cokali ɗaya ba ya iya ɗauka abu ne mai wuyar gaske.

Madarar gari madara ce da aka busar, ruwan ya tafi, sukarin ya zauna. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyinta sukarin madara ne, kusan giram 38 a cikin 100. Babban cokali ɗaya mai tozo yana ba ki giram 3 ko sama da haka. Cokali huɗun da kike zubawa sun kai kofi guda cur na madara, watakila sun ɗara, kuma kina aika su cikin ruwan zafi, ba komai a ciki, su zarce hanji a guje. Shayin ma da kafe suna ɗan zaburar da hanji. Wadda ake aunawa a butiki daga babban buhu, wadda aka cire mata man saniya aka sa na itace, ita ma sukarinta yana nan yadda yake. Ta gwangwani kuwa, ko mai ruwa ko mai kauri mai zaƙi, an ƙafe ta ne, sukarin madarar da ke cikinta ya kai ninki biyu na ɗanyar madara. Shi ya sa shayin mai shayi, wanda ake cewa a yi shi da kauri, ya fi kayar da mutane.

Wannan kuma shi ne bayanin yawur na leda da ke yi miki wata rana lafiya wata rana akasi. Yawancinsa da madarar gari ake haɗa shi, musamman da rani lokacin da shanu suka yi nisa nono ya yi wuya. Wani mai yi yana barinsa ya kamu sosai, wani yana cire shi da wuri don masu saye sun fi son mai zaƙi marar tsami, wani ma yana ƙara garin madara a kai don ya yi kauri. Leda biyu masu kama ɗaya, abin da ke ciki ya bambanta. Ki bi harshenki: wanda kika ji tsaminsa ya fito, shi ne naki. Haka ma dege da furar da ake barbaɗa wa madarar gari a sama don gardi. Ki ce a bar miki taki da nono zalla.

Ga yadda nake so ki yi. Da farko mu tabbatar, don kada mu ɗora wa madara laifin da ba nata ba. Ki yi mako guda zuwa biyu kina shan shayinki ba madara, ki ajiye yawur na leda da ta gwangwani, ki bar fura da nono yadda kika saba tunda ba ta damunki. Idan kugin safe ya ɗauke, sai ki zaɓi ranar da ba lakwal, ki sha shayinki na da, mai cokali huɗu. Idan abin ya dawo cikin awa biyu, kin kama ɓarawon. Akwai gwajin da ake yi a manyan asibitoci, a ba mutum ruwan sukarin madara sannan a auna iskar haidurojin a numfashinsa, amma ga mai irin alamunki wannan gwajin gida ya wadatar. Kada hutun ya wuce mako biyu. Gwaji ne, ba sabuwar rayuwa ba.

Daga nan sai ki dawo da madarar a hankali. Cokali ɗaya a shayi, kuma ki sha shi kina cin wani abu, burodi da ƙwai ko ƙosai ko ɗumamen tuwo. Bayan kwana huɗu ko biyar, idan shiru, ki ƙara rabin cokali. Inda kika ji ciki ya fara magana, ki koma matakin baya ki zauna a nan. Mata da yawa da na bi sun tsaya a cokali biyu, kuma shayin ya yi musu daɗi. Idan kina son ƙari, ki sha wani da yamma maimakon ki tara shi duka da safe.

Akwai dalilin da ya sa nake ƙin mutum ya yanke madara gaba ɗaya, bayan asarar abinci. Hanji yana sabo. Shan madara kullum ba ya ƙara laktaz ɗin jikinki, wannan gado ne, ba ya motsi. Amma ƙwayoyin babban hanji suna canzawa: idan suna samun ɗan sukarin madara kowace rana, masu cin sa ba tare da fitar da iska mai yawa ba su ne ke yawaita. An gwada haka a Amurka a 1996, aka riƙa ba masu ƙarancin laktaz sukarin kullum na kwana goma, iskar da suke fitarwa ta ragu ƙwarai. Wanda ya ƙaurace wa madara wata shida, ranar da ya je biki aka miƙo masa dege, shi ne zai fi kowa shan wuya, sai ya ce ai ga shi, dama an faɗa mini. Alhali ƙauracewar ce ta ƙara masa.

Wannan ya sa nake tuna wa mutane maganar sabon hanjin nan tun watan Sha'aban, don ba a fafe gora ranar tafiya. Da azumi, musamman idan ya faɗo a bazara, mutum ya yini da ƙishirwa, ana kiran salla ya ɗaga kwanon fura mai sanyi da aka zuba wa madarar gari ya shanye. Kafin a idar da tarawihi ciki ya rikice. Ki buɗe baki da dabino da ruwa, ki ci wani abu, fura ta biyo baya, kuma ki raba ta biyu, rabi bayan magariba rabi da sahur.

Man shanu ki ci abinki. Sukarin madara a ruwa yake narkewa, ba ya zama a mai. Idan aka burka nono aka kwashe man, sukarin yana can cikin tsala. Wanda aka soya kuwa kusan babu ko ɗigo. Cuku ma abokinki ne. Lokacin da ake yin sa madara tana tsinkewa, a tsane ruwan, kuma mafi yawan sukarin ruwan yake bi, kafin a shanya fallayen su bushe. Ki fara da rabin falle tare da shayi, ko irin furar Buzaye da ake dakawa da cuku da dabino. Awarar waken suya babu madarar dabba a cikinta sam. Sai maganar da nake yawan ji, wai madarar akuya ko ta raƙumi ba ta da wannan sukari. Tana da shi, kusan daidai da ta saniya. Akwai masu cewa ta raƙumi ta fi karɓarsu, idan kin gwada ta zauna miki to madalla, amma ki fara da kaɗan, don an san ta da sakin cikin wanda bai saba ba.

Tafasa madara ba ta kashe sukarin, kada wani ya ce miki haka. Duk da haka ki tafasa, saboda wani dalilin da ya fi wannan girma: ɗanyar madara tana iya ɗauko tarin fuka na shanu da cutar bakkale, mai sa zazzaɓi na watanni da ciwon gaɓoɓi. Abin da na fi so ga mace irinki shi ne ki riƙa yin kindirmonki a gida. Ki tafasa lita ɗaya ta madara, ko ta shanu ko ta gari da kika dama, ki bari ta huce har ki iya tsoma ɗan yatsa mai tsabta ki ƙirga goma bai ƙone ki ba. Ki zuba cokali biyu na nono mai kyau ko yawur marar sukari, ki juya, ki rufe, ki ajiye ya kwana. Da zafin garin nan awa takwas zuwa goma sha biyu sun isa, da hunturu ki lulluɓe kwanon da zane. Gwargwadon daɗewarsa, gwargwadon tsaminsa da raguwar sukarinsa. Idan kina son ki ƙara ragewa, ki juye shi a farin ƙyalle mai tsabta ki rataye na awa biyu, ruwan da ya ɗiga ya tafi da wani kason. Kin ga madarar garin da ke hana ki tsayuwa a aji, ita ce dai za ta zama abin da cikinki ke karɓa, don kawai ta kwana.

Ba kowane zawo bayan shan nono ne na sukarin madara ba, wannan ma ki riƙe. Kin san halin da muke ciki da ruwa a Damagaram, kin san yadda kuran ke ɗaukewa firigo ya huce kaya su yi ɗumi su sake sanyi. Ruwan da aka tsinka nono da shi, ƙanƙarar da aka jefa a fura, ƙwaryar da ba ta bushe ba, kowanne yana iya kawo ƙwayar cuta. Bambancin a fili yake. Idan gida guda aka sha fura ɗaya mutum uku suka kwanta, ko aka samu amai da zazzaɓi, ko zawon ya kwana biyu, gurɓata ce. Na sukarin madara ke kaɗai yake kamawa, ba zazzaɓi, kuma yana wucewa a ranar. Sai dai ciwon zawo mai tsanani, ko ƙwayar cutar hanji irin jardiya, suna iya goge laktaz daga bangon hanji na ɗan lokaci, har wanda bai taɓa samun matsala ba ya kasa shan madara na wasu makonni. Wannan yana warkewa idan hanjin ya farfaɗo.

Yanzu yaron, kuma a nan nake roƙonki ki saurare ni da kyau. Sukarin da ke cikin nononki, mamanki ne ke ƙera shi daga jininki. Ko kin sha madara ko ba ki sha ba, yawansa ɗaya ne, kuma ɗanki yana da laktaz isasshe, yana bukatar sukarin nan don girma. Kumburin cikinki ba ya bin nono ya shiga cikinsa. Ki ci gaba da ba shi mama zalla har ya cika wata shida, sannan ki fara ƙara masa abinci kina ci gaba da shayarwa. Ko zawo ya kama shi, kada ki janye nono. Ki ƙara ba shi, ki kai shi asibiti a ba shi ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki. Ina faɗar haka da nauyi a zuciyata, don na taɓa karɓar wata yarinya ƴar wata bakwai da aka ce wa uwarta nononta ne ba shi da kyau, ta yaye ta a kan koko tsararo. Kafin su iso wurinmu tamowa ta riga ta kama ta. Ta tashi, alhamdu lillahi, amma watanni muka yi muna fama a kan shawarar da ba ta da tushe.

Abu ɗaya ne ke sa a ce mai shayarwa ta dakatar da madara saboda jariri, kuma shi dabam ne da naki: idan jikin yaron yana bore wa furotin ɗin madarar saniya. Alamarsa jini ko majina a kashinsa, ƙuraje masu ƙaiƙayi da ba sa jin magani, amai mai yawa, ko rashin ƙaruwa a sikeli. Idan kin ga haka, likita ne zai yanke, kada ki yanke da kanki. Haka ga babba: wanda ya sha madara jikinsa ya yi borin jini, leɓe ko fuska ta kumbura, ko numfashi ya sarƙe, wannan ba ya cikin masu gwajin cokali-cokali da na bayyana. Asibiti zai nufa nan take, kuma shi kam har nono da cuku zai bari.

Ke ma akwai alamun da idan kin gan su ba na so ki tsaya wasa da ma'aunin madara: jini a bayan gida, rama ba dalili, zawon da ke tashinki daga barci, zazzaɓi, ƙarancin jini, ko kuma kin ajiye madarar mako biyu abin bai canza ba. Ki je a duba ki, a auna bayan gida.

Kin ce yanzu ne abin ya tsananta, kuma ban yi mamaki ba. Mata da yawa sun fi jure madara a watannin ƙarshe na ciki, don hanji yana rage gudu a lokacin, bayan haihuwa sai ya koma halinsa. Ga shi kuma mai jego ana ta tura mata madara ta ko'ina don nono ya kawo. Niyyar tana da kyau. Babba yana bukatar kusan miligiram 1,000 na kalsiyam a rana saboda ƙashi da haƙora, kofin nono ɗaya yana ba da kusan 300, ga furotin, ga bitamin B12 wanda yawansa a nononki ya dogara da abin da kike ci. A gidan da nama ba kullum ba, ludayin nono ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji an ce wa mai goyo ta bar shi haka kawai. Kofi biyu na kindirmo a rana, ɗaya da rana a fura ɗaya da dare, da ɗan cuku, sun kai ki nesa. Ki cike da zogale, miyar kuka, riɗi, wake, da ƙananan busassun kifi da ake ci da ƙayarsu.

Akwai ƙwayar laktaz da ake haɗiya tare da kurɓin farko na madara, akwai kuma madarar kwali da aka riga aka raba wa sukarin. Suna aiki, ba su da illa ga mai shayarwa, amma ba kullum ake samunsu a nan ba, kuma da tsada. Ki tambaya a farmasi, ko ki ba mai zuwa Yamai ko Kano sautu, ki ajiye don ranar biki ko tafiya. Kuɗin da za ki kashe a kansu kowane wata gara ki sayi madara da gero da shi. Idan kuma kika ga an rubuta laktoz a takardar wani magani da likita ya ba ki, ki sha abinki, ɗan abin da ke cikin ƙwaya bai kai ya motsa ciki ba.

Ki gaishe mini da Inna, ki ce mata furarta tana nan daram, sai dai a dama miki da nonon da ya kwana, kada a barbaɗa gari a kai. A makonnin gwajin nan ki ware shafi ɗaya a bayan littafin shirin darasinki, ki riƙa rubuta abin da kika sha, cokali nawa, ƙarfe nawa, da me kika haɗa, da lokacin da ciki ya motsa. Idan kin cika mako uku ki aiko mini da shafin, mu duba tare mu ga inda ma'auninki ya tsaya.